Ƙwayoyi Biyu a Jakar Malama

Farfesa bai taɓa leƙa jakar maganin matarsa ba, kuma har alfahari yake yi da hakan. Dokarsa ce, wadda ya cusa wa ɗalibansa tun gashinsa yana baƙi: likita ba ya duba nasa. Shi ya sa da aka yi wa Malama aikin sankarar mama, ya damƙa ta a hannun wani tsohon ɗalibinsa, ya koma gefe. Da ciwon damuwa ya kwantar da ita bayan aikin, ta daina ci, ta daina fita ko ƙofar gida, sai ya tura ta wurin wata likitar ƙwaƙwalwa, ita ma ɗalibarsa. Shi dai nasa ya kai ta asibiti ya ɗauko ta.

Mutumin nan fa ba ƙaramin suna ya yi ba. Shi ya gano cewa wani maganin damuwa yana kashe ƙarfin ƙwayar da ake ba mata don kada sankara ta dawo. Duk mai rubutu a kan abin sai ya ambace shi. A taro kuwa, gyaran murya kawai zai yi, ka ga manyan likitoci sun shiga taitayinsu.

Ran nan da hantsi suna zaune a ɗakin likitan sankarar, fanka tana ta ƙara a sama, hoton ƙashin bayan Malama yana jikin fitila. Farfesa bai jira bayani ba, ya ga ɗigo-ɗigon da idonsa. Abin ya dawo.

"Mama, za mu sauya magani," in ji likitan. "Ko kin zo da waɗanda kike sha?"

Ta zazzage jakar a kan tebur. Ga farar ƙwayar sankara, ga kuma wani kwali mai ratsin shuɗi a gefenta. Farfesa ya ɗauki kwalin, ya karanta sunan, ya sake karantawa. Shi ne. Sunan da ya yi rabin rayuwarsa yana rubutawa a allo, yana ja masa layi da jan alli.

Da aka fita da ita ɗibar jini, ya ajiye kwalin a gaban likitan.

"Ka san tana shan wannan?"

Likitan ya sunkuyar da kai. "Na sani, ranka ya daɗe."

"Tun yaushe?"

"Tun farko. Likitar ƙwaƙwalwa ta gwada wasu ba su karɓe ta ba, sai wannan. Ta ce wa Mama ta nuna maka kafin ta fara. Da muka ga ta ci gaba da sha, sai muka ɗauka ka amince."

"Na amince? Ni?"

"Mun zaci ka samu sabon sakamako ne da ba ka fitar ba tukuna. Wallahi sau da yawa na yi niyyar tambaya. To amma ranka ya daɗe, ni zan karanta maka bincikenka?"

Kai, wannan ladabi bai yi rana ba! Likitoci biyu ƙwararru, kowanne ya ga ramin, kowanne ya yi shiru don kada a ce ya yi wa malaminsa rashin kunya. Farfesa ya buɗe baki zai zazzaga masifa, sai wata rana ta faɗo masa a rai: Malama tsaye a ƙofar ɗakin karatunsa da kwali a hannu, tana cewa an ce ta nuna masa. Ko ɗago kai bai yi ba. Hannu ya ɗaga mata, ya ce ta bi abin da likitarta ta ce. Ya fasa masifar. Wani baƙin ciki ya danne shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a rasuwar mahaifiyarsa.

Ya same ta a benci a baranda, tana danne da auduga a gwiwar hannu. Ta matsa masa ya zauna.

"Baban yara, ka ga yadda ka yi zuru-zuru? Sai ka ce kai aka ɗebi wa jinin." Ta yi 'yar dariya, dariyar da shuɗin kwalin nan ya dawo mata da ita. "Na san ya dawo, ba sai kun ɓoye mini ba. Abu ɗaya dai, kada ɗalibanka su ce matar Farfesa ta yi wasa da magani. Tare nake haɗa ƙwayoyin biyu kullum da safe, ban taɓa tsallake ko ɗaya ba, don kada in ba ka kunya."

Ya zuba wa tayil ɗin ƙasa ido.

"Ai na sha daidai ko?" ta tambaye shi.

Mutumin da bai taɓa barin kuskure ya wuce shi a taro ba ya kama hannunta, ya gyara mata audugar.

"Kin sha daidai," ya ce.