Tabarma a Ranar Cikar Wata

A makarantar yoga ta tsohon malami Guruji Thimmappa da ke Maisuru a ƙasar Indiya, ɗalibi ba ya ɗaukar sabon zama, wato salon lanƙwasa jiki, da kansa, sai malami ya ba shi. Sharvani ta daɗe a maƙale a zaman kunkuru, wanda ake saƙale ƙafafu a bayan wuya. Ƙafar dama ta yarda, ta hagu ta ce ba da ita ba. Ita kuwa ta riga ta ƙudurta cewa tsohon ba zai ba ta izinin koyarwa ba sai ta ci wannan zaman. Abin yana cin ranta, don saboda izinin nan ta ajiye aikinta na kantin magani, dangi kuma sun zuba ido.

Ranar da wata ya cika ba a hawa tabarmar yoga, an ce jiki yakan ruɗi mai shi. Sharvani ta shimfiɗa tata a tsakiyar ɗaki a gida.

"Ke, yau fa wata ya cika," in ji mahaifiyarta, tana dama ƙullun idli, wainar shinkafarsu.

"Mama, wata yana sama, ni ina ƙasa. Ina ruwansa da ni?"

"To sannu, mai gardama da sama. Kunkurun da kike kwaikwayo ma ba ya sauri."

Sauri kuwa ya haifi nawa. Ta kama ƙafar hagu da hannu biyu ta ja, ta ƙara ja. Diddige ya kai wuya, sai gwiwa ta ce ƙas. Ta danne kuka don kada uwar ta ji.

Washegari ta ɗaure gwiwar a ƙarƙashin wando ta tafi makaranta. Tana shiga ta ga an shimfiɗa sabuwar tabarma kusa da kujerar Guruji, wurin da mai taya shi koyarwa yake tsayawa. Ta gane dominta aka shimfiɗa ta.

"Sharvani, taho nan gaba," in ji tsohon, fuskarsa a sake.

Ta taho. Ya kalli takunta, murmushin ya gushe.

"Jiya kin hau tabarma."

"Guruji, kunkurun ne, na ce bari in..."

"Wa ya tambaye ki kunkuru? Ni kaina ƙafata ta hagu ba ta taɓa zuwa can ba. Tun bara nake duba ko za ki iya tsayawa inda aka tsayar da ke. Na ɗauka kin iya." Ya nuna ɗaliban da ke jere. "Wadda ba ta tausaya wa gwiwarta ba, in miƙa mata gwiwoyin mutane?"

Kunya da baƙin ciki suka rufe ta. Tsohon ya sunkuya da ƙyar, ya naɗe sabuwar tabarmar da hannunsa, ya tura ta ƙarƙashin kujera.

"Je ki gida, 'yata, ki shafa man zurma."

Ɗalibai suka fara addu'ar buɗewa. Ta ratsa ta tsakaninsu zuwa ƙofa tana ɗingishi, yanzu ba ta ɓoye shi.