Ƙafar Auta Bayan Filasta

Da aka yanke filastar ƙafar Auta, babanta tela ya ƙura wa ƙafar ido. Karayar ta warke, amma ƙafar ta rame kamar sanda. Haka ƙafafun ƙanensa suka fara tun suna yara, har tafiya ta gagare shi. Ya sunkuya zai saɓa 'yar tasa a kafaɗa.

"Malam tela, sauke ta," in ji likitar. "Kai ne ƙafarta?"

"Likita, ai naman ya tafi. Ko ciwon ƙanena ne ya biyo ta?"

"Na duba, ba shi ba ne, zama ne kawai. Tsoka zare-zare ce, in ta zauna sai ta sirance, in ta yi aiki ta ƙara wa kanta kauri. Har da wasu ƙwayoyi masu barci a jikinta, suna jiran a tashe su su yi gyara. Kawo hannunka."

Ta ɗora tafinsa a bayan ƙwaurin yarinyar. "Auta, taka hannuna da ƙarfi, yadda Baba ke taka keken ɗinki."

Auta ta cije leɓe ta taka. A ƙarƙashin tafinsa wani abu ya motsa ya ɗaure, siriri amma da ransa.

"Baba, cakulkuli kake min!"

Bai ɗauke hannun ba. Ya tsufa a cikin zare, amma bai taɓa jin wanda ke saƙa kansa ba.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Sake takawa, uwata."