Sa'a Ɗaya ta Kiɗan da Ba Mawaƙi

Jar fitila ta kama a saman ƙofar situdiyo, 'Yar Sanarwa ta gyara zama, ta matso da makirufo, ta yi wa masu sauraro sallama da wata murya da ita kanta ba ta gane ba. Shekara shida tana aiki a gidan rediyon nan, kuma a shekara shidan ba ta taɓa faɗin magana tata ta kanta ba. Abin da aka miƙo mata a takarda shi take karantawa: ɓatan katin shaida, taron iyayen yara, ɗauke ruwa a unguwa kaza. Har sunanta ya ɓace a ofis, kowa sai 'Yar Sanarwa. Yau kuwa Manaja ya ba ta sa'a ɗaya cur ta gwada shirinta, ya kuma gaya mata ba ɓoye-ɓoye cewa in ya yi a ci gaba, in bai yi ba ta koma kan takardunta, kada ta sake tare shi a bakin matakala.

Kada a ɗauka Manaja ya yi wani abin kirki. Uku zuwa huɗu na rana ya ba ta, lokacin da ba wanda yake so, lokacin da masu sauraro ke gyangyaɗi, masu talla kuma ba sa ko kallonsa. Ita dai ba ta damu ba, murna ta hana ta cin abincin rana.

Shirin na wani irin kiɗa ne da masu yinsa ke kira fos-rok. Jita ce da ganguna, amma ba mawaƙi, ba 'yan amshi, kuma masu kiɗan ba sa sauri ko kaɗan. Kiɗa ɗaya sai ya kai minti ashirin. Yakan fara can ƙasa-ƙasa kamar famfo yana ɗiga, ya yi ta taruwa a hankali, sai mutum ya farga ya ji shi tamkar ruwan sama a kan kwano. Yayanta ne, direban babbar mota, ya koya mata jinsa. Shi ya kawo mata faya-fayai biyar da ya tsinto a hanyoyinsa, ya rubuta musu lamba ɗaya zuwa biyar da baƙin alƙalami, ya ce waɗannan su ne ƙofar shiga. Ya kafa mata sharaɗi: ta fara da na ɗaya, kada ta tsallake, kada ta haɗa shi da wanke-wanke, kuma ko me ta ji kada ta taɓa maɓallin ƙara sauti. Ranar farko minti goma sha ɗaya ta yi tana jiran mawaƙi ya shigo, daga ƙarshe ta buga masa waya ta ce an sayar masa da faifan da ba a gama ba. Ya yi dariya har sai da ya sauka gefen titi.

Duk wannan ta ba masu sauraro labari, har da dariyar yayan nata. Ta faɗi abin da ya sa ake farawa da faifai na ɗaya, wai shi ne ya fi sauƙin shiga kunne. Ta faɗi sharuɗɗan nan bi da bi. Sai dai tsabar rawar jiki ta sa ta manta na ƙarshe, kuma shi ne ya fi kowanne muhimmanci. Ta ɗaga hannu ta yi wa injiniya alama ta cikin gilashi, ya saki faifan.

Injiniyan nan Baba Allura ake ce masa, kuma sunan bai zo a banza ba. Shekara talatin da ɗaya yana zaune gaban na'urar haɗa sauti, idonsa a kan allurar da ke nuna ƙarfin murya. Abin da ake faɗa a rediyo bai dame shi ba, ko labarai ne ko wasan kwaikwayo. Shi dai allura ta yi ta rawa a tsakiya. In ta kwanta, gidan rediyo ya mutu. Tun yana saurayi aka taɓa ba shi takardar gargaɗi a kan shirun daƙiƙa arba'in, har yau kuma bai yafe wa shiru ba.

To, faifai ya fara juyawa, allura ta ƙi tashi. Baba Allura ya ajiye kofin shayinsa, ya ƙwanƙwasa gilashin allurar da farce. Ya duba wayoyi, lafiya lau. Can cikin kunnensa yana jin wata jita tana tsinke ɗaya-ɗaya kamar mai jin kunya. Ya yi tsaki, ya tura maɓallin sama. Allura ta ɗan motsa. Ya ƙara turawa. Bai tsaya ba sai da ya kai shi ƙarshen layi, inda bai taɓa kai shi ba, allura ta miƙe tsakiya, ya koma ya jingina yana jin ya ceci yarinyar nan daga abin kunya.

'Yar Sanarwa ta ji sautin ya kumbura a kunnenta, ta ɗago kai. Ta san faifan nan kamar tafin hannunta, ta san a minti na bakwai ganguna za su faɗo gaba ɗaya. Ta danna maɓallin magana da injiniya, ta tuna tun bara ya lalace. Ta shiga kaɗa hannu. Baba Allura ya ɗaga mata babban yatsa yana murmushi, wato kada ta damu, ya gyara. Ta miƙe da gudu, wayar abin kunne ta fizgo ta baya. Kafin ta kwance kanta ta ture ƙofofin nan biyu masu nauyi, minti na bakwai ya cika.

Allura ta daki ja ta manne. Lasifikar ɗakin ta yi wata irin ƙara, kofin shayi ya kife a kan takardar jadawali, Baba Allura ya zabura ya finciko maɓallin har ƙasa. Sai ga shirun da yake gudu, na gaske, ya sauka a gidan rediyo. Ita ce ta kai hannu ta mayar da maɓallin tsakiya.

Ya juyo zai yi faɗa. Ya ce shi bai taɓa ganin faifan da aka ɗauka da ganganci irin wannan ba, farko kamar ba a ci abinci ba, ƙarshe kamar an rushe gini. Ta haƙura ya gama, tana goge shayi da gefen takarda, sannan ta ba shi haƙuri, ta ce laifinta ne da ba ta gaya masa ba. Haka aka yi kiɗan, shirun ma cikin kiɗan yake.

"Baba, don Allah na biyun nan ka taimake ni. Ka sa maɓallin a tsakiya, ka ɗauke hannunka."

"In allura ta kwanta fa?"

"Ka bar ta ta huta, Baba. Za ta tashi."

Ya dube ta kamar ta ce ya bar tukunya a wuta ya tafi kasuwa. Amma ya tuna shi ma yana da 'ya kamarta. Da ta koma ciki ta gabatar da faifai na biyu, ta kuma roƙi jama'a gafara, ya saki faifan, ya cire hularsa ya kife ta a kan allurar, ya zauna a kan hannuwansa biyu.

Da ba abin kallo, dole ya saurara. Ta cikin gilashi tana ganinsa. Da fari fuskarsa a murtuke, sai tsaki. Can ya daina. Kansa ya ɗan karkata. Lokacin da jita ta biyu ta shigo ta bi bayan ta farko, ya lumshe ido, da ganguna suka taso kuwa bai ko motsa ba, sai ƙafarsa ɗaya da ke bugun ƙasa. Daɗi ya kama 'Yar Sanarwa har ta manta da Manaja. Kiɗan ya kai ƙololuwa, ya sauko, ya ƙare. Ta matso makirufo ta fara bayani mai kyau, wanda ta kwana uku tana shiryawa. Ta yi kusan rabin minti tana zuba kafin ta lura jar fitila ba ta kama ba. Baba Allura na zaune a kan hannuwansa, ido rufe, bai buɗe mata makirufo ba. A bayansa kuma, a bakin ƙofa, Manaja ne tsaye da waya a hannu.

Yadda ta ƙarasa sa'ar nan ita ma ba za ta iya faɗa ba. Ƙarfe huɗu da minti biyar su biyu suna tsaye gaban teburin Manaja, Baba yana murza hularsa. Tun kafin a tambaye shi ya ce duka biyun laifinsa ne, kada a ɗora wa yarinya. Manaja bai ko kalle shi ba. Wayar teburin ta yi ƙara, ya ɗaga, ya ce a yi haƙuri, ya ajiye. Sannan ya jawo wata takarda ya fara karanta musu.

Ashe ba Baba Allura kaɗai ya ƙara sauti ba, rabin gari sun yi. Wani mai aski ya kira ya ce ya ƙure rediyonsa don bai ji komai ba, da abin ya fashe mutumin da ke kan kujera ya zabura, yanzu ga hanya a tsakiyar kansa. Wani mai tasi ya ce fasinjarsa ta nemi sauka. Wata mai guga ta ce an tayar mata da jariri. Mutum huɗu sun tambaya ko mawaƙin bai zo aiki ba ne. Wani tela kuma ya ce shi ba ƙara ya kawo ba, ya tsayar da kekensa minti goma sha takwas bai sani ba, yana so a gaya masa wanne ne na uku. Manaja ya ajiye takardar ya cire tabarau.

"Kira ashirin da uku. Shekarata tara a kujerar nan, ban taɓa jin wayar nan ta yi ƙara da ƙarfe uku na rana ba. Na ɗauka duk garin barci suke."

'Yar Sanarwa ba ta san ko yabo ne ko kora ba. Manaja ya ce ta dawo mako mai zuwa, rana kamar ta yau, lokaci kamar na yau, amma ta fara da gargaɗin masu aski. Ya ƙara da cewa zai ba ta wani injiniyan cikin matasan nan, tunda dattijo ya fara barci a bakin aiki. Baba Allura ya sunkuyar da kai.

"Yallaɓai, a bar min Baba," in ji ta. "Ba barci yake ba."

Manaja ya ɗaga kafaɗa, waya ta sake ƙara, ya kore su da hannu.

Ta koma situdiyo tana jin kamar ta yi tsalle a farfajiya, ta shiga tattara faya-fayanta. Na biyu, na uku, na huɗu, na biyar. Ta duba ƙarƙashin tebur, ta duba cikin na'ura. Da ta juyo sai ta ga na ɗayan a hannun Baba Allura, yana ta juya shi kamar wanda aka kama da kayan wani. Ta ce masa in yana so ya tafi da biyar ɗin duka, yayanta ba zai ce komai ba, sai ma ya yi murna.

"A'a, 'yata, wannan ya ishe ni," ya ce, ya zura shi a aljihun rigarsa. "Farkonsa nake so in ji. Ɗazu da hannuna na ɓata shi."