Shatin Guduma

Ina kwance ƙarƙashin wata tsohuwar tasi, maiko har gwiwar hannu, sai na hango danfon Lado, ƙaramar bas ɗinsa ta haya, ta shigo layin garejinmu na Agege. Ta wuce rumfata ko birki bai taka ba, ta je ta tsaya gaban rumfar Salissou. Lado fa! Mijin 'yata Umaima, wanda ni na koya masa yadda ake duba mai a inji. Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan batir a ƙirji.

Shekarata ashirin da shida ina gyaran ƙafar mota a wannan layi. Kakana soja ne, a nan Ikko ya ajiye kaki, a nan aka haife mu. Idan aka ce Oga Baballe, direbobi daga Ketu har Mile 2 sun san wa ake nufi. Sai ga wannan siririn mutum daga Maraɗi, shekara uku kacal da zuwa, ko sunansa bai iya rubutawa irin na mutane ba, ya kwashe mini su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi ci mini rai kuwa, ya iya aikin. Ba zan ɓoye ba, ya iya.

Ina kallo ya ɗaga motar da jak, ya kama tayar gaba ta hagu sama da ƙasa, ya girgiza, ya karkata kai yana saurare kamar likita. Ya yi magana, Lado ya gyaɗa kai irin na wanda bai fahimta ba. Can sai ga Lado ya nufo ni yana sosa ƙeya, ya durƙusa.

"Baba, barka da aiki. Ka yi haƙuri, 'yan tasha ne suka matsa mini. Sitiyarin ne har yanzu yake ja hagu, in na faɗa rami kuma sai ka ji ƙwas-ƙwas."

"To, me babban likitan ya ce?"

"Wai rotil ta mace, kada in hau titi da ita. Ni ban san rotil ba, na ji kunyar tambaya. Mene ne shi, Baba?"

Na sani sarai. Shekara uku ina kasa kunne ina tsintar kalmomin Faransancin nan nasa. Rotil ita ce boljoin a bakinmu, ƙwallon ƙarfen da ke riƙe taya da ƙafar mota. In ta fita daga gurbinta, taya ta rabu da mota ke nan. Sau biyu Lado yana kawo mini ƙarar nan, sau biyu ina cewa shokozoba ce. Yanzu in buɗe baki in ce baƙo ya gano abin da ya shige mini duhu, a gaban surukina?

Na yi dariya har da buga cinya. "Rotil! Yaren 'yan Nijar ne kawai, su rikita mutum ya ɗauka abin babba ne. Oya, kawo ta nan."

Na aike shi ya yi sallar azahar, na ɗaga motar. Hannuna na taɓa tayar na ji wasan da take yi. Mutumin nan ya yi gaskiya. Sabuwar boljoin tana nan a shagon da ke bakin layi, taku arba'in. Amma in zan sayo ta dole sai na wuce ta gaban rumfarsa, ya gan ta a hannuna. Na kwance tsohuwar, na ɗora ta a kan maƙera, na bi bakin gurbin da guduma har ya matse ƙwallon, na cusa giris, na mayar. Duk bakaniken layin nan ya san wannan dabara, maneji muke ce mata. Na ce a raina mako mai zuwa zan canza ta a ɓoye.

Lado ya zagaya layi ya dawo yana washe baki. Ƙara ta ɗauke. "Kai, Baba! Tsohon hannu daban ne."

Na ji daɗin maganar nan, Allah ya sani na ji daɗinta.

Salissou ya taso yana goge hannu, ya kira ni da kalmarsu ta oga. "Patron, an canza ta?"

"Malam, ka ji da rumfarka."

* * *

Ran kwana na biyar, da hantsi, a kan titin Ikorodu daidai Ketu, tayar ta lanƙwashe ta shige ƙarƙashin mota. Danfon ta daki shingen kankare da kwandunan tumatir cike a bayanta. Waɗanda suka fara isa wurin sun ce sun kasa bambance tumatir da jini. Lado ya rayu, amma an yanke ƙafarsa ta dama daga gwiwa.

A asibiti Umaima ta riƙe gefen rigata, ga cikinta wata bakwai. "Baba, wai gaskiya ne ɗan Nijar ɗin nan ne ya fara taɓa motar?"

Lado ya buɗe ido da ƙyar. "Na gan shi yana jijjiga tayar nan da ƙarfi. Da na tsaya wurinka tun farko, Baba. Ka yafe mini."

Bakina ya buɗe. Na dubi zanen gadon, inda ya kwanta shafal a wurin da ya kamata ƙafa ta tokare shi.

"Ƙaddara ce," na ce.

Kafin Juma'a magana ta gama tashoshi, wai ɗan Nijar ne ya lalata tayar. Ban ƙirƙire ta ba, ban kuma kashe ta ba. Wanda duk ya tambaye ni, sai in girgiza kai in ce, "Hmm, mutanen nan." Shi ke nan, ya wadatar.

* * *

Da aka jawo gawar danfon zuwa gareji, Salissou ne ya shiga ƙarƙashinta. Ya daɗe. Na tsaya ina jiran ya fito ya tara mini jama'a. Ya fito, ya karkaɗe wando, ya koma rumfarsa da babu ko mota ɗaya.

Bayan mako uku ya ɗaure akwatin sifanunsa a bayan babur ɗin haya. Kafin ya hau ya zo ya ajiye wani abu a kan bencina, naɗe a tsumma.

"Patron, ɗiyarka na da ciki. Shi ya sa ban faɗa ba."

Ya tafi. Na buɗe tsumman: rotil ce, shatin gudumata zagaye da bakinta, guda tara. Abin kunya, ko a lokacin nan hassadarsa na ji. A aiki ya fi ni, a shiru ma ya fi ni.

Yanzu motoci har bakin layi suke jira na. Jiya aka yi sunan jikana, suka sa masa Baballe. Lado ya miƙo mini shi daga kan tabarma, sandunansa jingine da bango, na sa hannu biyu na karɓa.