Wankin Filas

"Ya sake ƙi!" in ji Auta, ya daki tebur da tafin hannu.

Yau shi da yayansa suke raba shagon ɗaukar hoto da mahaifinsu ya rasu ya bar musu. An sayar da kwamfutar, mai saye na tsaye bakin ƙofa yana kaɗa makullin babur. Kafin a ɗauke ta, dole Auta ya kwafe ajiyar shagon: fayil guda, ƙato, hotunan kwastomomi da lambobinsu duk a ciki. Yaya ya kwafi nasa tun tuni. In Auta ya fita babu shi, sabon shagonsa bango ne kawai da fitila.

Filas ɗin ajiyar fayil da ya zaro a durowa ya soka wa kwamfutar ga wuri fal, amma kwamfuta ta kafe wai fayil ya yi girma.

"Me ka yi masa, Yaya?"

"Ni? Tsohon tsari ne a kansa. Duk fayil ɗin da ya haura giga huɗu ba ya shiga, ko ka kwana kana zagi."

"To ara min naka."

"Ranar da ka kira ni ɓarawo gaban dangi, ba ka ce ara ba."

Mai saye ya leƙo. "Bayin Allah, rana na yi fa. Wanke shi kawai ka sauya tsarin, zai ɗauka."

Yaya ya miƙe zumbur. "Wane filas ne ma wannan? Kada ka wanke shi!"

Haba, abin nema ya samu. Auta ya yi wata dariya mara daɗi.

"Na sani ai! Baƙin ciki kake yi. So kake na fita hannu rabbana, na dawo ina riƙe maka fitila."

"Kai, tsaya ka ji mana..."

"Na gaji da ji! Tun ina goye nake ji."

Auta ya tare kwamfutar da kafaɗa ya danna. Ƙiftawa da bismilla filas ya zama fes, duk abin da ke ciki ya goge. Ya ja fayil ya saka, ga shi yana shiga sumul. Daɗi ya kama shi har wuya.

"Ka gani? Ta Allah ba taka ba."

Yaya ya koma kujera a hankali.

"Bidiyon Baba ne a ciki. Wanda ka ɗauke shi a asibiti, yana sa mana albarka."

"Akwai wani kwafi ai."

"Kai na ba aikin kwafin. Ka ce sai gobe."

Auta ya zuba wa allon ido. Koren layin da ke nuna shigar fayil ɗin yana ta tafiya abinsa, bai tsaya a giga huɗu ba.