Kaka Ta Cire Takalmi a Hawa na Ɗari da Sha Takwas

Tun a jirgin ƙasa Yaya Da-som ta raɗa mini sharaɗinta a kan saurayinta: "Seul-gi, in yau Tae-ung ya nuna Kaka abin kunya ce gare shi a gaban mamarsa, na fasa auren."

Na ce to. Ni dai kallo na zo.

Kaka ce ta raine mu da sayar da kifi a kasuwa. Yaya ta yi jami'a, ni na tsaya wurin teburin kifi, ɗan abin da na sani a jaridar naɗe kifi na karanto shi. Ranar ce za a fara haɗa iyaye. Kowa a gidan abinci yake yin wannan, a ci, a gaisa, a watse. Amma Tae-ung ya yi shekara biyu a ƙasar waje, ba ya iya gaisawa da mutum sai cikin gajimare. Sai ya zaɓi ƙolin dogon benen nan na unguwar Jamsil a Seoul.

A cikin lif ya fara mana darasi. "Minti ɗaya kacal mun kai sama. Ni nakan hau nan ne in yi tunani."

Na ce, "A ƙasa ba ya zuwa ne, Yaya Tae-ung?"

Yaya ta mintsine ni. Mamarsa, Madam Pyo, ta gyara riƙon jakarta yadda sunan jakar zai fuskanci jama'a.

A sama akwai wani ɓangare da daɓensa gilashi ne zalla. Ka tsaya, motocin Seoul na yawo ƙarƙashin ƙafarka kamar kiyashi. Kaka ko kallon birnin ba ta yi ba. Daɓen ta ƙura wa ido, sai ƙyalli yake. Ta sunkuya ta cire takalmanta, ta jera su a baki, ta taka da safarta mai furanni.

Wani ma'aikaci ya taho da sauri. "Kaka, ai ba sai kin cire ba."

"Ɗana, wata ce ta durƙusa ta goge wannan. A gidanku da takalmi kuke hawa daɓen da aka goge?"

Wasu 'yan mata suka ɗaga wayoyi suna ƙunshe dariya. Madam Pyo ta matsa kusa da ɗanta, ta ce, baki bai ko motsa ba: "Je ka miƙa mata takalmanta. Ana kallonmu."

Yaya ta juya ga Tae-ung. Shi kawai take kallo.

Tae-ung ya dubi mamarsa, ya dubi gilashin, fuskarsa ta yi fari fat kamar cikin kifi. Ya sunkuya. Na ce shi ke nan, a je a fasa ɗinkin biki. Sai na ga igiyar nasa takalmin yake kwancewa. Ya jera su gefen na Kaka, ya taka gilashin idonsa a rufe.

"Kaka," ya ce, "don Allah riƙe ni."

"Kai da kake zuwa tunani?"

"Daga can jikin bango nake yi."

Wani dattijo ya ga takalma ƙafa biyu a jere, ya ɗauka doka ce, ya cire nasa. Matarsa ta bi. 'Yan matan nan suka dubi juna, suka ajiye waya, su ma suka cire. Kafin a jima bakin gilashin ya koma ƙofar gidan biki, ma'aikacin ma ya haƙura yana ta gyara jeri. Aka bar Madam Pyo ita kaɗai da takalmi, yanzu ita ake kallo. Ta cire. Ashe rabin tsawonta a dunduniya yake.

Yaya ta shiga ta karɓi hannun Tae-ung daga na Kaka.

Kaka ta dube shi sama da ƙasa, yadda take duba kifin asuba. "Matsoraci ne, amma an yi masa tarbiyya. Ki riƙe shi."

"Na riƙe, Kaka," in ji Yaya, tana dariya har da hawaye. "Ki dai ce ya sassauta, zai karya mini yatsa."