Robar Shaf ta Hagu

Tela ya fi shekara tara yana wanke motarsa da hannunsa kowace safiya kafin ya buɗe shago. Bokiti biyu, tsumma uku: na gilashi, na jiki, na tayoyi. Tun da 'yarsa Auta ta fara tuƙa motar sai wankin ya ƙara tsawo, don yanzu har durƙusawa yake ya zura hannu cikin ƙarfen taya ya goge. A can ne, a tayar gaba ta hagu, ya riƙa tarar da wani baƙin abu mai danƙo. Ya ɗauka kwalta ce, tunda ana gyaran titin unguwarsu. Ya goge, washegari ya dawo, ya sake gogewa. Haka aka yi sati uku.

Ranar Litinin Auta za ta fara aiki a wani asibiti, tafiyar awa biyu a kan babbar hanyar da manyan motoci suka mayar tasu. Ranar Asabar da hantsi Tela ya ce a kai motar a duba, ko hankalinsa ya kwanta. Ita ta tuƙa, shi yana gefe yana taka birkin da babu shi a ƙarƙashin ƙafarsa.

Bakaniken nasu tsohon abokin Tela ne, ana ce masa Mai Kunne, saboda ba ya taɓa mota sai ya saurare ta. Ya zagaya ta sau ɗaya, ya leƙa tayoyin, ya ce tsaf suke kamar faranti. Da ya ɗaga gaban da jak ya shiga ƙarƙashi da tocila, sai aka ji ya yi tsaki.

"Tela, zo ka ga ɗinkin da ya fi ƙarfinka."

Tela ya durƙusa. Bayan tayar akwai wata baƙar roba mai ninki-ninki, ta rufe ƙarshen ƙarfen da ke juya tayar. Ta tsage a ninki na biyu, tsagar ta kai tsawon ɗan yatsa.

"Robar shaf ke nan," in ji Mai Kunne. "Ita ke riƙe giris a kan shaf, ta hana ƙasa shiga. In ta fashe, giris ya fita, yashi ya shiga ya yi ta cin ƙarfe. Abin da ya ɗaure min kai, in roba ta fashe haka, giris yakan fantsama ya cika cikin taya. Wannan kuwa ko ɗigo babu."

Auta ta dubi ubanta, ta dubi bakaniken.

"Kawu, Baba ne ke gogewa. Kullum da safe."

"Tun yaushe?"

"Sati uku," in ji Tela, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Na ɗauka kwalta ce."

Mai Kunne ya fito daga ƙarƙashin motar ya zauna a kan tsohuwar taya. "Allah Ya shirye ka. Mota na rubuto maka wasiƙa kullum, kai kuma kana bi da tsumma kana sharewa."

Auta ta yi dariya, uban bai yi ba. Ya tambayi abin da zai faru in yashin ya riga ya ci ƙarfen. Mai Kunne bai ɓoye masa ba: da farko ƙara za a riƙa ji in an sha kwana, daga baya wata rana kan shaf ɗin ya watse, a taka totur inji ya yi ta kuka mota ba ta ja. Nan take Tela ya hango Auta ta fito za ta wuce tirela, wata tana tahowa ta gaba. Ya dafa jikin motar. Kan shaf na irin wannan tsohuwar mota kuwa sai an aika an kawo, ba ya zuwa ƙasa da kwana goma. Roba kam akwai ta a rataye a bango.

"Ba za a iya ɗinke ta ba, a ƙara giris?"

"Kai komai allura. A'a. Sai na buɗe na gani da idona. In ƙarfen ya ciwu, 'yarka ba za ta hau hanya da motar nan ba, ko za ka yi fushi da ni shekara."

Ya cire tayar, ya kwance ƙaton notin da ke tsakiya, ya saki ƙarfen ƙasa, ya ture gindin tayar gefe har shaf ɗin ya zaro. Ya yanke ƙarafan da suka ɗaure robar, ya farke ta da wuƙa ya jefar. Bugu biyu da guduma, kan shaf ɗin ya faɗo a tafinsa. Ya lakuto ragowar giris ɗin ya murza tsakanin yatsu biyu, ya sa Tela ma ya murza. Tela ya ji ɗan tsakuwa-tsakuwa.

Mai Kunne ya zuba fetur a kwano ya wanke komai sau uku, ya zazzage ƙwallayen ƙarfe guda shida a kan farin ƙyalle. Ya ɗaga kowace ya juya ta a rana. Sannan ya bi kwaruruwan da suke gudu a ciki da farcensa, a hankali, kamar mai neman ƙaya a tafin ƙafa. Tela yana tsaye a kansa har inuwarsa ta rufe aikin.

"Matsa min, ka tare haske."

A kwari na huɗu farcen ya tsaya, ya koma, ya sake bi. "Ya ɗan yi sheƙi, amma bai yi rami ba. Ido ya yarda. Saura kunne."

Ya cusa sabon giris har ya tumbatsa, ya zura sabuwar roba, ya mayar da kan, ya matse ɗaurin biyu da filaya, ya haɗa komai ya sauke jak. Ya miƙa wa Auta makulli, ba ubanta ba. Ya ce ta murɗe sitiyari har ƙarshe ta yi ta zagaye a filin gareji, gaba sannan baya, gilasai a sauke. Shi ya zauna gaba, Tela a baya.

Zagaye na farko shiru. A na biyu sai ga shi: ƙas, ƙas, ƙas.

"Tsaya! Kun ji ko? Shi ke nan, na kashe ta da tsummana," in ji Tela.

Mai Kunne ya ɗaga hannu. "Ci gaba, 'yata." Ya karkata kai, ya lumshe ido. Can ya miƙa hannu baya, ya laluba aljihun ƙofar da ke gefen Tela, ya zaro gwangwanin maɓallai. Ya ɗora masa a cinya. Suka yi zagaye shida gaba, shida baya, ba a ji komai ba sai numfashin Tela.

"Mota lafiya lau, za ta iya hawa hanya," in ji Mai Kunne. "Amma ke za ki riƙa leƙa cikin tayar kowace safiya. Ki gani tukuna, kafin wani ya goge."

Ranar Litinin Tela ya wanke gilashi, ya wanke jiki. Da ya zo kan tayar hagu sai ya tsaya da tsumma na uku a hannu, ya ja da baya. Auta ta fito da jakarta, ta tattare riga ta durƙusa, ta zura yatsa ciki ta nuna masa. A bushe. Ya yi mata addu'a, ya ce ban da gudu, ya sake cewa ban da gudu, ta ce to, Baba.

A shago ya ɗinka hannun riga ɗaya a juye, ya farke, ya sake. Ƙarfe tara da kwata wayar ta yi ƙara.

"Baba, na iso. Na leƙa, ba komai."

"Madalla. Kin duba ta dama ma?"